Yadda Ɗaliban Larabawa Suka Ƙetare Shingen Harshe

 

Ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da mutane da yawa suke zaton ba ta taɓa Larabawa ba, wato yin karatu mai zurfi da harshen da ba naka ba. Idan ka tambayi mutumin kasuwa a Maraɗi ko Damagaram, zai ce maka ai Balarabe ya huta, an haife shi da harshen Alƙur'ani a baki, me kuma ya rage masa? Al'amarin kuwa ba haka yake ba. Yaron da aka haifa a Alƙahira ko Fas ko Dimashƙa, ba da Larabcin littafi uwarsa take yi masa magana ba, da Larabcin gida ne, wanda suke kira ammiyya ko darija, kuma waɗannan sun sha bamban da juna har mutumin Iraƙi yakan zauna gaban mutumin Maroko ya kasa gane rabin zancensa. A Maroko da Aljeriya ma akwai miliyoyin yara da harshen gidansu na Barbar ne. Fus'ha a makaranta suke koyonta, da nahawu da sarfu, kamar yadda muke yi, illa dai su hanyar ta fi musu kusa. Sa'an nan idan yaro ya ci bak ya nufi likitanci ko aikin injiniya ko ilimin sinadarai, a mafi yawan ƙasashen Larabawa zai tarar da malami yana karantarwa da Ingilishi ko Faransanci. Shinge biyu ke nan, wani lokaci uku. Abin da muke so mu duba shi ne yadda waɗanda suka ƙetare suka yi, da abin da ƙetarewar ta ci musu, da kuma halin waɗanda suka faɗi a bakin shingen, domin su ma suna da yawa, ba a dai cika ambatonsu ba ne.

Ba sai mun tsawaita a kan halaccin koyon harshen wasu mutane ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu, yana saurayi a Madina, ya koyi rubutun Yahudawa, domin wasiƙu suna shiga tsakani kuma bai amince wani daga cikinsu ya riƙa karanta masa su ba. Zaidu ya iya cikin rabin wata. A wata ruwaya an ambaci Suryaniyanci da kwana 17. Ku lura da dalilin umarnin, amana ce: wanda bai iya karanta harshen mutanen da yake hulɗa da su ba, ya damƙa sirrinsa a hannun wani. Amma kada wani ya ɗauki rabin watan nan ya zama ma'auni ya je ya tsangwami ɗansa da shi. Zaidu ya tashi yana maƙwabtaka da masu wannan rubutu, kuma mutum ne da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa har aka ɗora masa tattara Alƙur'ani zamanin Sayyidina Abubakar. Mutanen da za mu ambata a ƙasa, shekaru suka kashe.

A Bagadaza zamanin Abbasawa an yi Hunainu ɗan Ishaƙ, Balarabe Kirista daga garin Hira, wanda ya rasu a 873. Masu tarihin likitoci sun ce malaminsa Yuhanna ɗan Masawaihi ya kore shi daga zaure saboda yawan tambaya, har da gorin cewa mutanen garinsu canjin kuɗi suka gada, ba likitanci ba. Ya ɓace wasu shekaru, ya dawo ya iya harshen Yunanawa fiye da wanda ya kore shi, ya fassara kusan littafi 100 na likita Jalinus zuwa Suryaniyanci da Larabci. Daga baya malamin da kansa ya nemi sulhu, ya koma yana ba shi aikin fassara.

LIMAMIN DA AKA AIKA JAN SALLA

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Shaihu Rifa'atu Aɗ-Ɗahɗawi, domin almajiri ne irinmu. An haife shi a 1801 a garin Ɗahɗa na kudancin Masar, ya haddace Alƙur'ani, ya shiga Azhar a 1817. A 1826 mai mulkin Masar Muhammadu Ali ya tura samari arba'in da 'yan kai zuwa Paris su koyi dabarun yaƙi da mulki da likitanci da aikin injiniya da noma, aka ce a haɗa su da liman. Shaihu Hasan Al-Aɗɗar, malaminsa, ya ba da sunan Rifa'atu, ya kuma yi masa wasiyya ya rubuta duk abin da ya gani. Shekarunsa 25, bai san ko baƙi ɗaya na Faransanci ba, kuma aikin da aka ba shi jan salla ne da wa'azi. Da ya zauna a ɗaki yana jan tasbaha har su dawo, babu wanda zai ce ya yi laifi.

Tun a Marsai, inda jirgin ruwansu ya sauka aka tsare su kwanakin killacewa saboda annoba, ya zauna tare da ɗaliban aka fara musu daga baƙaƙe. Da masu kula da tawagar suka ga himmarsa, sai aka sa shi cikin jerin ɗalibai aka ware masa fannin fassara. Tsarin da aka bi da su yana da tsauri. Da farko an tara su gida ɗaya, aka ga suna hira da harshensu dare da rana, sai aka rarraba su gidajen kwana na makarantu inda dole su cuɗanya da Faransawa. Kowane wata ana aika rahoton karatun kowa zuwa Alƙahira, Muhammadu Ali ya mayar da wasiƙa, ko yabo ko faɗa. Malamin da ya karantar da Rifa'atu ya shaida cewa yana kashe kaso mai yawa na kuɗin guzurinsa wajen sayen littattafai da biyan wani malami na dabam, kuma idonsa na hagu ya yi rauni saboda karatun dare, likita ya hana shi, bai hanu ba. Ba muna yaba saɓa wa likita ba ne, muna nuna farashin abin ne.

A 1830 aka tara malamai domin jarrabawarsa ta ƙarshe. Ya ajiye musu fassara 12 da ya yi daga Faransanci zuwa Larabci, a kan ma'adinai da labarin ƙasa da lissafin awo da kiwon lafiya da al'adun al'ummai, tare da rubutun tafiyarsa wanda aka buga a 1834 da sunan Takhlisul Ibriz. Suka buɗe masa littattafai ya fassara nan take, suka gwada fassararsa da asali, suka yi masa gyara a wasu wurare, suka ce ya ci. Masu tarihinsa sun ce har ya dawo lafazinsa na Faransanci bai gyaru sosai ba, saboda ya fara da girma kuma hankalinsa yana kan fahimtar littafi. Wannan magana tana da amfani ga manyanmu da suke jin kunyar buɗe baki saboda harshensu ya karye: mutumin da ya buɗe wa Masar ƙofar ilimin zamani, da karyayyen lafazi ya yi.

To, me ya sa liman ya wuce da yawa daga cikin waɗanda aka aika domin karatun? A ganina amsar tana cikin shekarun da ya yi a Azhar. Mutumin da ya sha nahawu da sarfu da balaga ya san yadda ake gina harshe, ya san fa'ili da maf'uli, ya san lokutan aikatau, ya saba da hadda, ya saba da zama a kan shafi ɗaya har ya buɗe masa. Da ya tarar da Faransanci, bai tarar da daji ba, ya tarar da wani gida ne da aka gina da irin tubalin da ya sani, ƙofofin ne kawai suke wani waje. A cikin littafinsa ya gwada nahawun harsunan biyu, ya kuma faɗi wani abu da ya kamata mu almajirai mu ji ko da ba daɗi: ya lura littattafan ilimi na Faransawa a sarari ake rubuta su, mai karatun lissafi yana shiga lissafin kai tsaye, ba ya tsayawa warware lafazi da neman sharhi da hashiya. Bai raina Larabci da wannan ba, ya dai gane cewa littafin koyar da sana'a dabam, littafin adabi dabam. Inda ya rasa kalma a Larabci, ko dai ya tono tsohuwa ya ba ta sabon aiki, ko ya ɗauki ta Faransanci ya sa mata rigar Larabci ya yi mata bayani.

Ya dawo a 1831, ya yi aikin fassara a makarantar likitanci da ta sojan igwa, sa'an nan a 1835 aka buɗe Makarantar Harsuna ya shugabance ta. Shi da almajiransa suka fassara ɗaruruwan littattafai. Hanyar ba ta miƙe masa duka ba: da mulki ya koma hannun Abbas, aka rufe makarantar, aka tura shi Hartum a 1850 ya riƙe makarantar yara, bai dawo ba sai 1854. Ya rasu a 1873. Ga masu tsoron cewa harshen Turawa yana wanke imani, su sani cewa cikin abin da ya rubuta a ƙarshen rayuwarsa akwai littafin da yake kira a karantar da 'ya'ya mata kamar maza, da kuma littafi guda a kan tarihin Manzon Allah (S.A.W.). Makarantar tasa kuwa an farfaɗo da ita, yau tana cikin jami'ar Ainu Shams a Alƙahira.

Bayansa da kusan shekara 90 wani ɗan Azhar ya bi hanyar, kuma shi makaho ne tun yana ƙarami, wato Ɗaha Husaini. Ya fara Faransanci a ajin dare a Alƙahira, ya tafi Faransa a 1914, aka ce sai ya haɗa da Latin, ya fara shi daga tushe. Duk da kunne ya yi karatun, wata Bafaransa da ya aura daga baya ita take karanta masa. A 1918 ya kare kundin doktora a jami'ar Sorbon a kan Ibnu Khaldun, a 1950 ya zama ministan ilimi na Masar, ya sa aka daina biyan kuɗin makarantar sakandare. Malamai sun yi masa raddi mai zafi a kan abin da ya rubuta a 1926 game da waƙoƙin jahiliyya, kuma mu muna tare da malaman a wannan. Amma saɓani da mutum ba ya hana a faɗi gaskiyar himmarsa.

DA WANE HARSHE ZA A KOYI LIKITANCI?

Mutane da yawa ba su san cewa da Larabci aka fara koyar da likitancin zamani a ƙasashen Larabawa ba. Makarantar da aka buɗe a Abu Za'abal kusa da Alƙahira a 1827, wadda aka mayar Ƙasrul Aini a 1837, malamanta na farko Turawa ne, tafinta yana tsaye yana juya darasi zuwa Larabci, har aka samu likitocin Masar da suka karɓi aikin suka rubuta nasu littattafan. Bayan Ingila ta mamaye ƙasar a 1882, kafin ƙarnin ya ƙare an mayar da karatun Ingilishi, kuma haka yake har yau. A Bairut ma kwalejin da Amurkawa suka kafa a 1866 da Larabci ta fara, daga baya ta juya. Sham ce ta bi wata hanya: tun 1919 makarantar likitanci ta Dimashƙa ta riƙi Larabci, aka yi ta yaye likitoci da shi shekara da shekaru.

An daɗe ana jayayya a kan wannan. Masu goyon baya suna cewa ɗalibi ya fi fahimta da harshensa, kuma da shi zai yi magana da majiyyaci. Masu suka suna cewa sabon bincike da Ingilishi yake fitowa, kafin a fassara littafi ya tsufa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai yaƙin da ya ɓarke a 2011 ya zo ya gwada maganar ta hanyar da babu wanda ya so. Dubban likitocin Sham suka fita, da yawa suka nufi Jamus, ƙasar da ba Larabci, ba Ingilishi, ba Faransanci. A can ba a barin baƙon likita ya taɓa majiyyaci sai ya ci jarrabawar Jamusanci ta gama-gari, sa'an nan ya ci wata ta harshen likitanci. Ita wannan ta biyun awa ɗaya ce, kashi uku: ya zauna da wanda ya yi kamar majiyyaci ya tambaye shi ciwonsa da harshen da talaka yake ji, ya rubuta abin da ya ji a takardar asibiti, sa'an nan ya bayyana wa wani likita da harshen likitoci. Da yawa suna faɗuwa karon farko. Bayan ita kuma mafi yawansu sai sun zauna wata jarrabawa a kan ilimin likitancin kansa. Mutum mai furfura, wanda ya yi shekaru yana fiɗa a Halab ko Hims, sai ga shi a aji yana haddace jinsin kalmomi kamar yaro. Idan ya ci aka tura shi asibitin ƙauye, ya tarar da tsofaffi suna wani karin Jamusanci da ba a koya masa a aji ba.

Duk da haka, a ƙarshen 2023 likitoci 'yan Sham da aka yi wa rajista a Jamus sun haura 6,000, kuma su ne suka fi kowace ƙasa yawa cikin baƙin likitoci a can. Da gwamnatin Asad ta faɗi a watan Disamba na 2024 aka fara zancen komawa gida, masu riƙe da asibitocin Jamus ne suka fito suna nuna damuwa. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, wanda ya fahimci ilimi da kyau da harshensa, canza masa riga zuwa wani harshe aiki ne mai wuya amma mai iyaka. Wanda bai fahimta ba tun farko, ko da wane harshe aka karanta masa, babu abin da zai canza wa riga. Akwai kuma abin baƙin ciki a ciki wanda bai kamata a rufe shi da murna ba: ƙasar da ta kashe dukiyarta ta horar da su tana fama da rashin likita, mai arziki yana cin moriyarsu.

A fagen bincike akwai mutum biyu da sunansu ya kai ko'ina. Ahmad Zuwail ya tashi a garin Dasuƙ na Masar, kusa da masallacin Sidi Ibrahim, inda shi da abokansa suke zuwa bitar darasi da asuba. Ya yi jami'ar Iskandariya, ya tafi Amurka a 1969, kuma shi da kansa ya faɗa cewa lokacin da ya sauka bai iya magana ko rubutu da Ingilishi yadda ya kamata ba. Abin da yake hannunsa shi ne lissafi da ilimin sinadarai, su suka riƙe shi kafin harshe ya zo. A 1999 aka ba shi lambar Nobel shi kaɗai, saboda ya samo hanyar amfani da hasken leza a ga yadda ƙwayoyin sinadari suke haɗuwa da rabuwa cikin wani ɗan lokaci da sai an raba sakan ɗaya gida miliyan sau miliyar. Ya rasu a 2016.

Na biyun Umar Yagi ne, ɗan Falasɗinawa 'yan gudun hijira, an haife shi a Amman a 1965, a gidan da yara da dabbobi suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ruwan famfo kuwa sai bayan kwanaki yake zuwa na 'yan awoyi. Yana shekara 15 mahaifinsa ya tura shi Amurka da Ingilishi kaɗan. Bai fara da babbar jami'a ba, ƙaramar kwaleji ya shiga, yana aikin kanti da gogen daɓe domin ya ci abinci. A 2025 ya samu lambar Nobel tare da wasu masana biyu, saboda ƙera wasu sinadarai masu ramuka ƙanana kamar soso. Daga cikinsu akwai wanda yake tsotse laimar iska da dare, rana ta ɗumama shi ya saki ruwa, an kuma gwada shi a hamadar Amurka ya ba da ruwan sha. Mu da muka san zurfin rijiyoyin Damargu da Adar, ba sai an yi mana bayanin darajar wannan ba.

WAƊANDA BA A AMBATA

Kada waɗannan sunaye su rufe mana ido. A bayan kowane ɗaya akwai dubbai da suka tsaya a hanya, kuma inda abin ya fi fitowa fili shi ne arewacin Afirka. Bayan samun 'yanci, Maroko da Aljeriya suka ɗauki aniyar mayar da karatu Larabci, aniya mai kyau. Kafin 1990 an gama juya lissafi da kimiyya zuwa Larabci har ajin bak. Amma jami'a ba ta juya ba, likitanci da aikin injiniya da kimiyya suka zauna da Faransanci. Sai ya zama yaro ya yi shekara 12 yana lissafi da Larabci, ya ci bak da sakamako mai kyau, ranar farko a jami'a malami ya buɗe baki da Faransanci cikin ɗakin da ya ɗauki mutum ɗaruruwa, babu mai tsayawa ya maimaita. Yaron ya san abin da ake faɗi, sunansa ne bai sani ba. Kafin ya gano, an yi jarrabawa. Wasu su maimaita shekara, wasu su gudu zuwa fannin da ba shi suke so ba, wasu su bari.

Su wa suka tsira? 'Ya'yan masu hali, waɗanda aka sa a makarantun kuɗi da ake Faransanci tun daga ajin farko, kuma ana yawan faɗa a can cewa har da 'ya'yan wasu manyan da suke kiran a riƙi Larabci a bainar jama'a. Ɗan manomi da ɗan mai gadi su suka biya bashin. Laifin ba na Larabci ba ne, na wanda ya gina gada ne ya tsaya a tsakiyar kogi. A 2019 majalisar Maroko ta yi dokar da ta buɗe hanyar koyar da kimiyya da harsunan waje tun daga sakandare, bayan muhawara mai zafi. Aljeriya kuwa a 2022 ta shigar da Ingilishi tun aji uku na firamare. Tunisiya dama da Faransanci take kimiyya a lise.

A wannan ƙasar ta Maroko kuma aka ga ɗaya fuskar. Ɗalibanta su ne suka fi yawa cikin baƙin ɗalibai a Faransa, sun kai wajen 45,000 a 2022, kuma a jarrabawar shiga Politeknik, babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa, sukan kwashe kaso mafi tsoka na kujerun baƙi. Da yawa daga cikinsu sun fito daga wata makarantar kwana da aka buɗe a garin Bengerir a 2015, wadda take zaɓo yara masu ƙwazo har daga gidajen talakawa, ta ɗauke musu ci da kwana, ta tsare su shekara biyu a kan lissafi da harshe. Yaran iri ɗaya ne da waɗanda suke faɗuwa a jami'a, daga unguwanni iri ɗaya. Abin da ya raba su shi ne an shirya waɗannan kafin ranar, an bar waɗancan su fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wannan labari na Larabawa ne, amma duk wanda yake da ɗa a madarasa ya ji inda ya taɓa shi. Tun da aka buɗe madarasar farko a Sayi a 1957, da jami'ar Musulunci a can a 1986, muna da yaran da suke ɗauke da harshe uku, na gida da Larabci da Faransanci. Waɗanda suka samu burs zuwa Azhar ko Madina ko Maroko suna ƙetare shingen ta ɗaya gefen: sun tafi da fus'ha, su sauka Alƙahira mai mota ya yi musu magana su tsaya suna kallonsa, har wani malamin jami'a ma da ammiyya yake bayani. Su jure, su gama, su dawo da shahada mai nauyi, sai su tarar da takardun ofis da mafi yawan konkur da Faransanci. Mun san nawa ne a cikinsu suka ƙare a karantarwa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, alhali da an ba su dama da sun riƙe manyan ayyuka. Kundin da hukumomin ƙasa suka fitar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna da darajar da aka ba Hausa, amma ku karanta kalmar nan ta aiki da kyau: ɗan madarasa da yake neman aiki, shingen yana nan, har an ƙara masa Ingilishi.

Saboda haka uban da yake ce wa ɗansa awar Faransanci da ta lissafi ɓata lokaci ce, ya riƙi fiƙihu kawai, ya sake tunani, domin shi ne zai zo yana neman wanda zai cika wa yaron takarda. Haka wanda yake cewa Larabci ne yake ja da yaro baya, ya duba Ɗahɗawi. Yaron da ya iya i'irabi ya riga ya mallaki rabin kayan aikin koyon kowane harshe, abin da ya rage a ba shi malami da littafi da awa ɗaya ko biyu kullum, tun yana ƙarami, a kuma sa shi inda dole ya buɗe baki ya yi kuskure a gyara masa. Watannin da suke tsakanin fitowar sakamakon bak da tafiya jami'a, waɗanda yaranmu suke kashewa a fada ana shan shayi, sun isa a karanta littafin shekarar farko na fannin da yaro zai shiga, da ƙamus a gefe. Ga waɗanda suka dawo daga ƙasashen Larabawa kuwa, azuzuwan makarantun masallatanmu a rufe suke bayan isha'i, kuma kowace unguwa tana da mushe da ya yi ritaya wanda zai karɓi aikin da ɗan abin hasafi.

Saura magana ɗaya a kan dawowa. Masu tarihi sun ce wasu daga cikin ɗaliban da Muhammadu Ali ya tura, da suka dawo bai bar su sun tafi gida ba. Ya ba kowa littafi a fannin da ya karanta, ya tsare su a fadar Alƙahira wata uku, sai wanda ya gama fassara yake fita. Mu ba mu da fada kuma ba mu da ikon tsare kowa. Amma ƙungiyar da take nemo wa yaro burs tana iya gindaya masa sharaɗi tun ranar da zai karɓi takarda, cewa idan ya dawo zai ajiye mata littafi ɗaya da Hausa a kan abin da ya koyo, ko da shafi 50 ne, a kan zazzaɓin cizon sauro ko rabon gado ko ciwon dabbobi ko gyaran rijiya, da boko da ajami, a buga a raba a masallatai.